Kwalbar Shaida ta Gwaggo

Da na dawo daga karatu na kama aiki a ɗakin gwajin ruwa, na ɗauka na'urar ce babba a wurin. Ita ke rarrabe ƙwayoyin ƙarfe bisa nauyinsu, ta gano yuraniyam, ƙarfen nan mai cutar da jiki, ko da bai kai ƙwayar gishiri ɗaya a cikin tankin ruwa ba. Ashe babbar tana ɗakin baya, a gaban famfo, da safar roba har gwiwar hannu.

Gwaggo muke ce mata. Shekara ashirin da biyu tana wanke kwalaben ɗibar ruwa: kwana uku a cikin asid, ɗauraya biyar da tataccen ruwa, sannan a kife su a akwati mai murfi. Ranar farko na kai hannu zan ɗauki ɗaya, ta ce, "Dokta, a can inda ka yi karatun ba a sayar da safar hannu ne?"

Duk fitar da za a yi ɗibar ruwa, sai ta ƙara kwalba ɗaya cike da tataccen ruwa. A buɗe ta a bakin rijiya, a rufe, a dawo da ita. Kwalbar shaida take kiranta. In aka ga wani abu a cikinta, dattin namu ne, ba na rijiya ba.

Wata Talata ruwan wata rijiya ya nuna yuraniyam ninki uku na abin da aka yarda a sha. Na duba takarda. Unguwar su Gwaggo ce, kuma mahaifinta ne ya haƙa rijiyar. In sakamakon ya tabbata, rufe ta za a yi.

Na same ta tana ɗauraya. Na ce, "Gwaggo, ƙila daga kwalba ne. Sai in rubuta haka, a sake ɗiba nan da wata uku."

Ta kashe famfo. "Kwalbar wa?"

"A'a, ina nufin..."

"Jikokina bakwai ke shan ruwan nan, kai kuma kana lallashina? Ɗauko shaida."

Na saka wa na'ura. Gwaggo ta tsaya a bayan kujerata tana kallon allon, ita da ba ruwanta da lambobinsa. Layin da ke nuna yuraniyam ya kwanta, ko motsi bai yi ba.

"Me ta ce?"

"Ba komai a ciki, Gwaggo. Daga rijiyar ne."

"Na sani. So nake ka ji da kunnenka."

Washegari ta bi motar ma'aikata. Ita ta yi wa mutanen unguwa bayani, ita ta kama gefe ɗaya na murfin kankaren da aka rufe rijiyar da shi. Yayanta ya yi wata guda bai amsa gaisuwarta ba. Jikokin kuwa famfon kasuwa suke zuwa yanzu, suna mitar nisa.

Ranar Litinin bayan rufe rijiyar na shiga ɗakin baya da niyyar ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara, na kai hannu kan akwatin kwalabe. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Dokta, hannu."

Na koma na sa safa.