Aikin Hannun Wani

Yayana mai haɗa haƙoran roba ne, a wani ɗan ɗaki bayan asibitin haƙori, babu taga sai fanka mai ƙara. Ba ya ganin marasa lafiya. Likita ke ɗaukar awon bakinsu ta aiko masa, shi kuma ya duƙufa da kaki da ɗan injin goga har yamma. Nakan tsokane shi cewa ya san bakin rabin gari amma bai san fuskar kowa ba. Sai ya ce, "Naki dai ya fi ƙarfin gyara."

Sanda ya fara, awon tsofaffi ake kawo masa, dasashi zalla. Yanzu kuwa yawanci na 'yan shekara ashirin da wani abu ne, turame sun ruɓe, na gaba sun yi baƙi. Lemon kwalba da alewa, in ji likita. Kullum cikin mita yake a kan yaran yanzu.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tal. Da yarinyar ta samu aiki a wani gari, kowace rana sai ta kira shi ta bidiyo. Can sai ta koma rubutu kawai, hutu ya zo ya wuce ba ta leƙo ba. Bawan Allah ya zauna yana laluben laifinsa, yana cin abinci a tsaye, waya a gefen kwano. Tausayinsa ya hana ni sakat, haushinta ma haka, na hau mota na same ta.

Ta tarbe ni da hannu a baki.

"Gwaggo, na gaba huɗu aka cire min. Da wane ido zan dubi Baba?"

"Ubanki ke yi wa duniya haƙora, ke kike ɓuya da giɓi?"

Ta ce in rufa mata asiri, ta riga ta bayar a haɗa mata a can. Na yi faɗa har na gaji.

Ranar da za ta zo ganinsa, yayana ya share gida kamar zai tarbi sirikai. Ta shigo tana dariya, haƙora farare tas, a jere cif. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Yarinyar nan da wushirya aka haife ta, irin ta uwarta sak. Mai haɗawar can bai taɓa ganinta ba, ya toshe ta.

Ya kama haɓarta ya juya wajen haske.

"Wa ya yi miki?"

"Wani ne a can, Baba."

"Ya iya aiki."

Da ta shige ɗaki ya daɗe zaune, hannuwansa bisa gwiwa. Bai ɗago ya dube ni ba ya ce, "A bakinta kaɗai nake ganin uwarta."