Malam Toka da 'Ya'yan Itacen da Bai Gani Ba

Malam Toka ake ce masa, saboda kullum kayansa ruwan toka ne, riga toka, wando toka, hula ma toka, in ya canza to fari. Shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a firamare, yara na yi wa kayan nan dariya a bayan idonsa, amma ba wanda ya san dalili sai matarsa. Mutumin nan ba ya bambance ja da kore. Tun yana yaro haka yake, a aike shi lambu ya tsinko nunannen tumatir, ya dawo da ɗanye cike da kwano, babansa ya lakaɗa masa duka ya ce raini ne. Da ya girma ya gane a idonsa abin yake, sai ya kama bakinsa gum, don gani yake in aka ji za a ce malami guda bai san abin da ɗan aji ɗaya ya sani ba.

Matarsa ce idonsa. Ita ke naɗa zare a jikin jan biro don ya san shi ne na ba da maki, ita ke zaɓar labule, ita ke komai. Haka suka zauna lafiya lau, har malamar zane ta tafi hutun haihuwa, Hedimasta ya ce, "Malam, kai ne mai sauƙin awanni, riƙe mana aji biyar."

Ya rasa hanyar ƙi, ya ce to.

Darasin kuwa na haɗa launi ne, kamar da gangan. Aikin ƙarshe shi ne kowa ya zana bishiya, ya haɗa shuɗi da rawaya ya yi ganye, ya sa mata jajayen 'ya'ya. Malamar ta bar takardar maki: siffa biyar, tsabta biyar, launi goma. Sati uku yana kwaso takardun yaran zuwa gida, bayan la'asar matarsa ta zauna kan tabarma tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan korensa ya yi, Malam. Wannan kuwa Allah Ya shirya, kamar ruwan kwata, ba shi uku."

Sai ga shi satin aikin ƙarshe mahaifiyar matar ta kwanta rashin lafiya, matar ta tafi jinyarta, Hedimasta kuma ya ce ranar Alhamis yake son maki, za a liƙa zanen da suka fi kyau a bango iyaye su zo su gani. Malam Toka ya zauna shi kaɗai da takarda arba'in da biyu yana gumi. Da farko ya ga abin zai yiwu, don yawancin yaran sai sun zagaye 'ya'yan itacen da fensir kafin su shafa fenti, shi kuwa zagayen yake gani, ya ƙirga ya ba da maki.

Sai ya zo kan ta 'Yar Tela. Yarinyar nan ita ce ta fi kowa hannu a ajin, uwarta ke da shagon ɗinki a bakin titin makarantar. Ita ba ta zagaye komai ba, burushi kawai ta ɗiga a kan ganye. Ya duba, ya kai takardar bakin taga ya sake dubawa, bishiya ce zalla babu ɗa ko ɗaya. Ya ɗauki biro mai zare ya rubuta da manyan baƙi: INA 'YA'YAN? Ya ba ta tara cikin ashirin.

Da safe ana raba takardu, yarinyar ta ruga shagon uwarta da tata, kafin ƙarfe tara ga Tela a ofishin malamai, abin awo rataye a wuyanta, ta riƙo hannun 'yarta, malamai shida na zaune suna shan shayi.

"Malam, ina kwana. Don Allah ƙirga min 'ya'yan nan, ni ban yi boko mai zurfi ba, ƙila ni ce ban iya ba."

Ta shimfiɗa takardar a kan teburinsa. Ya kalla. Ganye kawai.

"Ko wani laifi ta yi maka ne? Faɗa min in hukunta ta a gida, amma kar a rama a takarda. Jiya ko abinci ba ta ci ba wajen ɗokin ganin makinta."

Hedimasta ya leƙo, ya ga jajayen 'ya'ya rututu a takardar, ya yi gyaran murya. "Hajiya, haƙuri za ki yi, takardu ne da yawa, wataƙila na wani ya rubuta a nan. Ko ba haka ba, Malam?"

Ga hanya nan an buɗe masa, e kawai zai ce. Har ya buɗe baki, sai yarinyar ta ce a hankali, "Malam, ba su yi kama da 'ya'ya ba ne? In ka ba ni wata takarda zan zagaye su irin na kowa."

Ya cire hular nan ya ajiye, kunnuwansa kamar an zuba garwashi.

"Kar ki zagaye komai, 'yata. Ni ne ban gan su ba. Ba na ganin ja a kan kore, tun ina ƙarami. Matata ce ke duba min, ta yi tafiya."

Ɗaya daga cikin malaman ya ajiye kofinsa. Tela ta dube shi tun daga wuya har ƙafa.

"Ikon Allah. Ashe shi ya sa kullum toka! Ni da nake cewa matarka ce ba ta da ido."

Wani malami ya ƙyalƙyale, ya toshe baki da hannu. Malam Toka ya so ƙasa ta tsage. Yarinyar ce ta matso, ta kama ɗan yatsansa ta ɗora kan takardar inda fentin ya ɗan yi tudu.

"Ga ɗaya, Malam. Ga biyu."

Haka ta bi da shi har ashirin da uku, yana jin su a yatsa, kansa a sunkuye. Ya soke taran ya rubuta ashirin, ya soke tambayar ma har biro ya huda takarda. Sauran arba'in da ɗaya Hedimasta ya kwashe ya ba wata malama ta sake dubawa, aka samu bakwai da ya yi wa ba daidai ba.

Zanen yana bango yanzu, da hujin da komai. Shi kuwa Malam Toka tun ranar ya daina bin titin shagon Tela, ta bayan makaranta yake zagayawa, duk da sau biyu ta aiko a ce masa ya zo ta auna shi, ta ajiye masa wani yadi shuɗi, ta ce wannan ai yana gani.