Ranar da Aka Kore Mana 'Yan Kallo

A shekarun saba'in, ina shugaban wata firamare a Tarauni, hukuma ta sa ni cikin kwamitin tantance ƙungiyoyin wasan kwaikwayo. Wadda ta yi fice za a ba ta lasifika. An umarce mu da duba ingancin wasa da girman buri. Shugaban kwamitin wani jami'i ne da ya yi karatu a Ingila, mai yawan tsare gida.

Akwai wata ƙungiya a Gyadi-Gyadi da wani tela yake jagoranta. Na sha kallon wasansu, kuma da bakina na yabe su a gaban shugaba.

Ranar da muka je, muka tarar an share fili, an yayyafa ruwa, an jera mana kujeru, amma ba kowa. Don girmama manyan baƙi, telan ya sa an kori yara, an roƙi jama'ar unguwa kada su dame mu da hayaniya. Alhali wasansu ba rubutacce ba ne. Daga cikin taro ake jefo magana, ɗan wasa ya cafe ya mayar. Wanda ya fito a direba maƙaryaci ya shara ƙaryarsa, ya dakata yana jiran a ƙaryata shi, mu kuwa muna zaune kamar alƙalai. Shugaba ya duba agogo.

A mota na bayyana masa cewa ladabi ne ya kashe wasan, na roƙe shi mu koma ba sanarwa. Da ƙyar ya amince.

Muka koma wata Asabar bayan la'asar, muka tsaya can baya kusa da mai rake. Dariya takan taso daga gaba, mu sai dai tambaya. Da kunnena na ji shugaba yana ce wa wani lebura, "Malam, me direban ya ce?" Da aka maimaita masa, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Bayan an tashi, telan ya hango mu, ya zo ya durƙusa a ruɗe yana ba da haƙurin rashin kujeru. Shugaba ya tambaye shi burinsu. Ni kuwa a raina ina fatan ya ambaci Legas ko gidan talabijin.

"Ranka ya daɗe," in ji telan, "so muke na baya su riƙa ji."

Shugaba ya gyara zaman hularsa, ya ce shi ma yau na baya ne. Gyadi-Gyadi aka ba lasifikar, kuma ni aka wakilta na miƙa ta.