Aulis Mai Faɗa da Iska

A garinmu an ce Aulis Kettunen ya maka iska a kotu, har alƙali ya tura 'yan sanda da taru su kamo ta. Ƙarya ce, ni Onni shaida ne, taubashina ne. Bai kai ƙarar iska ba. Zaginta kawai yake yi, safe da yamma.

Tun muna yara ba ya iya ganin madubi ya ƙyale, sai ya yi wasa da haskensa. Da ya dawo daga karatu a birnin Oulu, kansa ya cika da lissafi har hula ba ta zama, sai ya tarar uwarsa, Gwaggo Sirkka, ta tsufa ita kaɗai a tsibirinta na tsakiyar tafki, inda waya ba ta kamawa. Likita ya ce a kai ta gidan tsofaffi. Gwaggo ta ce sai dai gawarta.

Aulis ya ce yana da dabara. Ya kafa wata na'ura a kan rufin tsohuwar makaranta, tana harba siririn haske ya tsallake tafki ya faɗa cikin gilashi a rufin Gwaggo. Cikin hasken nan magana ke tafiya, kada ku tambaye ni yadda. Ya ɗaura mata maɓalli a hannu, in ta danna, nas ta ji.

Ya auna hazo, ya auna ƙanƙara, ina jin har tusar agwagi ya auna. Asabar ce kaɗai bai auna ba, don ranar hutu ce. Alhali ran Asabar da la'asar kowa a bakin tafki yake hura wutar saunarsa, wato ɗakin wankan tururi. Zafi ya taso daga bututai, iska ta yi ta rawa, haske ya kauce wa gilashin, layi ya mutu.

Da ya gane, ya roƙi taron gari a raba ranakun hura wuta har ya ɗaga na'urar sama. Tsoho Veikko ya ce, "Yaro, ko lokacin yaƙi ban fasa wankan Asabar ba, sai don fitilarka?" Muka yi dariya har da buga tebur.

Wata Asabar Gwaggo ta zame a matakala, ƙugu ya karye. Ta yi ta danna maɓalli. Sai washegari aka same ta. Yanzu tana gidan tsofaffi a birnin Savonlinna, in ya je ta juya fuska bango.

Shi kuma ya daina shiga sauna. Jiya na gan shi a kanti na ce, "Injiniya, sarkin yaƙin iska! Zo gidana ka yi wanka mana, ƙudaje sun fara yi maka rakiya."

Ya ajiye burodin da ke hannunsa.

"Na bi bututan nan ɗaya bayan ɗaya, Onni," in ji shi. "Naka ne daidai ƙarƙashin hasken. Je ka yi wankanka, ka cuɗa sosai."