Tsarabar da Ba Ta da Mai Karɓa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hindatu, telar mata a unguwar Satwa ta Dubai. Har yau in na bi ta layin teloli na ji ƙarar keke, sai ƙafata ta rage sauri da kanta. Shagonta ya koma na masu sayar da waya, gidan da muka yi haya kuma an rushe shi, an dasa wani dogo mai gilashi a wurin. Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga Satwar yau. Na dai san hali: za ta fara tambayar nawa ake ɗinka abaya yanzu, ta yi tsaki, sannan ta tambayi Safiya.

Safiya yarinya ce da ta kama gado a filat ɗinmu, mu shida mata, lokacin tana da shekara ashirin. Wani kamfanin ɗinkin labule ne ya kawo ta daga Kano. Ba ta da hayaniya, ba ta ci da yawa, in an tambayi gida sai ta ce duk suna lafiya. Mu kuwa ba mu tona ba, don a ƙasar mutane kowa da abin da ya baro.

Duk wanda ya yi aikin albashi a nan ya san zazzaɓin hutun shekara. Wata guda kafin tafiya mutum ya fara zarya a kasuwannin Dera, yana sayen turare da dabino da darduma da mayafai, yana auna akwati a sikeli yana faɗa da shi. Komawa gida hannu rabbana abin kunya ne. Safiya ma haka ta yi. Ta cika akwati fam, muka raka ta har bakin tasi, muka ba ta saƙon gaisuwa.

Kwana goma sha biyu da tafiyarta, ina dawowa daga asibitin da nake aikin jinya, sai na hango ta a tashar jirgin metro ta Rigga, kusa da unguwar Muraƙƙabat, riƙe da ledar burodi. Ni Rabi, Allah ya hore mini baki, kuma a lokacin ba shi da birki. Kafin in cire takalmi na gama ba 'yan filat labari, har da gishirina: wadda muka raka filin jirgi tana nan Muraƙƙabat, kuma yarinya ba ta ɓuya a Dubai sai in akwai namiji a maganar. Rashin sani ya fi dare duhu. Har gobe in na tuna abin da na faɗa ranar, kunya nake ji.

Yaya ta ƙarasa hannun rigar da take yi, ta yafa mayafi, ta ce in wuce gaba in nuna mata wurin. Da tambaya muka gano ɗakin, wani lungu da wasu ma'aikata 'yan Filifin ke haya. Safiya ta kama gadon wadda ta tafi hutu. Babu namiji. Akwai dai akwatin nan a ƙarƙashin gado, ko buɗe shi ba a yi ba. Da Yaya ta zuge shi, kowane ƙunshi da rubutunsa: na Baba, na Umma, na Yaya Babba.

A nan ta faɗa mana. A gidan marayu ta tashi, ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba. Da ta cika sha takwas aka sallame ta da keken ɗinki da takardar shaida da addu'a, don gadonta akwai ƙaramar da ke jira. Ba ta zargi kowa ba, ta ce sun yi iyakar yinsu. Amma in ta sauka a Kano, babu ƙofar da za ta ce wa mai tasi ya tsaya. Tsarabar kuwa ta saya ne don kada mu gane.

Yaya ta zauna a bakin gadon. Sannan ta ce, "Khalas, shi ke nan, rufe akwatin nan. Kwana goma sha takwas suka rage miki, kuma Innarmu tana Gwammaja ba ta da mai shafa mata man zafi. Yalla, tashi."

Washegari ta yankar mata tikiti, ta kira Inna ta ce ga jika nan tafe. Inna ba ta tambayi 'yar wa ce ba. Cewa ta yi ɗa na kowa ne, a dai taho mata da dabino mai laushi saboda haƙora. A daren tafiya ba a yi wani wa'azi ba, sai dai Yaya ta zaunar da ita ta koya mata abin da ba a koyarwa a makaranta: wa ake fara gaisarwa, wane gida ake shiga kafin wane, da yadda ake miƙa wa tsohuwa akwati duka ita ta raba. Dardumar da aka rubuta wa Baba, Kawunmu Sale ne ya yi salla a kanta har ta koɗe.

Mu Hausawa muna da tausayin maraya, ba a raba mu da wannan. Amma maraya ɗan shekara biyar muke nufi, wanda za a shafa kansa a saya masa kayan Salla. In ya kai ashirin sai mu ce ai ya zama mutum. Yaya ta fi mu gani. Ta san mai ashirin ɗin ne zai sa hannu a takardar aiki ba wanda ya duba masa, shi zai yi zazzaɓi a ɗakin haya ba mai leƙo shi, shi za a ce ya turo manyansa. Shekara huɗu tana karanta wa Safiya kowace takarda kafin ta sa hannu, tana yi mata faɗa a kan ƙin cin abinci, tana tura ta Gwammaja duk hutu.

Sai ciwo ya zo, wata biyar ya tafi da Yaya. Bayan shekara biyu Inna ta bi ta, aka raba gado, aka sayar da gidan. Safiya ba ta da kaso, ba ta kuma sa rai ba, amma ƙofar ce ta rufe. Ni da ya kamata in maye gurbi, sai na koma 'yar gaisuwar Salla a waya. An ce zumunta a ƙafa take, tawa kuwa ta yi nauyi. Ko da ta auri Auwal, wani direba ɗan Zariya, zuwa na yi na ci shinkafa na dawo kamar kowa. Da Yaya za ta leƙo, ba rushe Satwa ne zai ɓata mata rai ba, ni ce.

Watan jiya Safiya ta haihu, ɗa namiji. Na je barka ɗakinsu na Muraƙƙabat na tarar da surukarta, wadda ta zo daga Zariya don haihuwar. Tsohuwar ba da mugun nufi ba ta yi tambayar da kowace uwar miji ke yi a haihuwar fari: "To, ina za ta je wanka?" Na sunkuyar da kai, ina jin nauyin abin a madadinta.

Safiya ko ɗagowa ba ta yi ba, tana gyara wa jariri hula ta ce, "Gidan Anti Rabi." Sannan ta dube ni. "Anti, an gyara hitar banɗakin nan taki kuwa? Don ni ba zan yi da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba."

Ba ta nemi iznina ba, ba ta ce don Allah ba. Na fita baranda na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza.

Yau kwananta goma sha tara a wurina. Kullum da safe ina zuwa gindin wata darbejiya a bayan masallacin unguwarmu in tsinko ganye, mai gadin wurin yana kallona kamar wadda ta zautu. Kunun kanwata ba ya kama ƙafar na Yaya, kuma mai jegon ba ta ɓoye mini hakan. Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, kekenta ma an sayar. Abin da ta bari shi ne yarinyar da aka sallama tana sha takwas, wadda yanzu take kwance a gadona tana yi mini tsegumin kunu. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya kai haske kabarinki. Hitar ma na sa an gyara.