Tsarabar 'Ya'yan Gauraka

A shekarun da ake ginin dam ɗin Challawa ina malamin gona a wani ƙauye cikin Kwanyawa. Bayan gari akwai fadama mai kacala, inda gauraka biyu, mace da namiji, suke sauka duk damina. Dattawa sun ce a da garke guda suke zuwa. Ni biyu na tarar. Damina uku a jere suna yin ƙwai, ba a ga ɗa ko ɗaya ya tashi ba. Ko shanu su tattake sheƙar, ko masu kai tsuntsaye birni su kwashe.

Mu bakwai muka haɗu muka ce bana sai 'ya'yan nan sun tashi. Ba wanda ya sa mu, ba wanda ya biya mu. Ni na tsara aikin. Da farko muka roƙi makiyaya su koma mashayar gabas. Bayan nan muka kafa turaku. Sannan na raba gadi, mutum biyu daga hantsi zuwa azahar, biyu daga azahar zuwa magariba, na rubuta a kwali na kafe a zaurena. Babbanmu wani tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga tun da idonsa ya yi rauni. Shi ya hana kowa matsawa kusa da sheƙar, har ni.

Wani Alhaji ɗan Kano, mai sayen gyaɗa a kasuwar Rogo, ya ji labarinmu. Ya aiko mana da wayar shinge, da takalman ruwa, da keke ɗaya. Kayan sun yi amfani, ba zan ɓoye ba. Ƙwai biyu suka ƙyanƙyashe. Muka ga 'ya'yan suna bin uwar cikin ciyawa, wuya kamar tsinke. Da gero ya fara nuna, tsohon ya ce saura sati uku su tashi.

A lokacin ne Alhajin ya aiko cewa zai zo ya ga abin da ya taimaka wa. Dagacinmu ya ce tarbar baƙo tasa ce, tsarin rana kuma nawa. Na rubuta: gaisuwa, ziyarar fadama, salla, abinci, jawabi, sallama. A wajen abinci na sa mu bakwai duka mu zauna gaban baƙo, don kada wani ya ce an ware shi. Wato da hannuna na ɗauke gadi daga fadamar.

Komai ya tafi bisa tsari har zuwa sallama. Aka fito da buhun gyaɗa, aka fito da ƙwaryar ƙwan zabi. Sai barorin dagaci biyu suka shigo, wandunansu jiƙe da taɓo har gwiwa, suna riƙe da kwando an rufe shi da buhu. Kafin a buɗe na ji kukan 'ya'yan gaurakan.

Dagaci ya gyara zama ya ce, “Alhaji, gyaɗa kam kana da ita. Mun duba garin nan kaf, ba abin da ya kai waɗannan daraja. Abin da baƙo ya yaba, ba a barinsa ya tafi ya bar shi.”

Tsohon maharbi ya miƙe. “Ranka ya daɗe, ashe kiwo muke yi maka? Da ka faɗa tun farko, ai da mun kai su bayan gidanka mun huta da sauro.”

Wasu suka yi dariya. Dagaci bai yi ba. Ya ce, “Baba, zauna. Gaban baƙo muke.”

Na dubi Alhajin. Da zai ce a mayar, da kalma ɗayan nan ta isa. Amma sai ya ɗaga buhun, ya leƙa, fuskarsa ta washe. “Masha Allah! Kai, na gode. Dama maƙwabcina yana da guda, kullum sai ya nuna mini.”

Na durƙusa gaban Alhajin na ce, “Ranka ya daɗe, sati uku kawai suka rage. In sun tashi, baɗi mu ga huɗu.”

“Malam, a fadama wa ya san abin da zai same su?” in ji Alhajin. “A gidana akwai katanga, akwai famfo. Ai tsarewar ke nan.”

Dagaci ya ce in ɗauki kwandon in kai mota, tun da ni ne mai tsari. Na ɗauka. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina. Kwandon ba nauyi, yana ɗiga ruwan fadama a rigata.

Iyayen sun yi kwana huɗu suna zagaya fadamar suna kuka. A na biyar ba mu gan su ba. Damina ta zagayo, ba su sauka ba, ta bayanta ma haka. Tsohon ya mayar mini da takalmansa na ruwa.

Wata shida da ɗauke 'ya'yan, aiki ya kai ni Kano, na bi ta gidan Alhajin. Ɗaya ya mutu tun satin farko. Ɗayan yana tsaye kan siminti kusa da inda ake wanke mota, an datse masa fiffike, yana tsattsagar ragowar shinkafa a murfin tukunya. Tukkun kansa ya fito sosai, ruwan zinariya. Alhajin ya ce in duba yadda ya yi ƙiba, ya tambaye ni ko bana ma za a samu wasu.

Na ce masa babu. Ya ce a yi mini abinci, na ce na ƙoshi.