Ranar da na sa surukina ya goge bikin ɗiyata

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da surukina ya zauna gaban tsohuwar ordinatar shagona, wato kwamfuta, zai rage mata kaya. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji zufa ta keto mini a ƙeya.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, karatun boko kaɗan na taɓa. Tun ina saurayi kaset nake saidawa a kasuwar Dakoro. Da kaset ya mutu na sayo ordinatar ta hannu daga Maraɗi, na koma tura wa mutane waƙa da wa'azi da fim cikin memwar ta salula. Wanda ya saida mini abu guda ya koya mini, yadda ake kwafo abu daga nan a liƙa shi can. Da shi nake cin abinci, da shi kuma na jawo wa kaina.

Ina da ɗiyar fari. Duk wanda ya tashi a nan ya san yadda ake: ba na faɗin sunanta, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba, ba na nuna na damu da ita. Ranar aurenta ma ƙanena ya tsaya kan komai, ni na wuni a shago kamar bikin maƙwabta ake yi. Mijin malamin lakwal ne, ya tafi da ita Kornaka. Bayan biki mai kamarar da ya ɗauki taron ya zo in tura mashi waƙoƙi, na ce ya zuba mini fim ɗin, wai ko wani zai nema. Ba wanda zai nema, ni ke so.

In rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, sai in tura ƙofa in kalla. Akwai wurin da take zaune cikin ƙawayenta a lulluɓe, wata ta faɗi wani abu, ta ɗaga mayafi ta yi dariya, haƙorinta na gaba da ya ɓalle tun tana ƙarama ya fito. Ban taɓa duban fuskarta tsawon haka ba sai a nan.

To ga wautar. Mu masu kaset mun san in ka yawaita sa kaset zaren yana saki, murya ta lalace. Shi ya sa ba mu taɓa uwa, wato kaset na asali, sai mu kwafa mu sa kwafin. Na ɗauka haka fim na inji yake. Duk ranar da zan kalla sai in yi sabon kwafi, in na gama in cusa shi can ƙarƙashin jakar wa'azi ta cikin injin. Gogewa kuwa hannuna bai iya ba, fuskarta ce a ciki.

A hankali inji ya yi nauyi. In na kunna sai in dafa shayi kafin ya buɗe. Makiyayan Tagriss da ke zuwa ranar kasuwa su tsaya, su gaji, su karɓi memwarsu su wuce wani shago. Har ya kai ko waƙa guda ba ta shiga, sai wani jan layi da ke nuna ciki ya cika.

Kusa da ni akwai tela, taubashina, ɗan kawuna ne, bakinsa ba ya rufuwa. Shi ya tare surukina da ya zo hutu, ya ce ya zo ya ceci injin tsoho. Ni ban so ba. Tsakanina da yaron gaisuwa ce kawai, kowa na jin nauyin kowa. Amma ya riga ya iso, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida ni, ba halin in ce ya koma.

Na zauna bakin ƙofa na ba shi rabin baya. Ya fara da tsofaffin finafinan da ba mai nema, yana tambaya ina cewa ya goge. Ya nuna wa tela kwandon shara na cikin injin, ya ce abin da aka goge nan yake taruwa, sai an zubar da shi wuri ke samuwa. Ya zubar. Na ce to ya isa, Allah ya yi albarka. Ya ce har yanzu akwai abin da ya danne injin, bari ya jera kayan bisa nauyinsu.

Da ya jera, sai ya tsaya yana duban abin da ya fito.

Tela ya leƙa ta kafaɗarsa, shi ya iya karatu. Ya soma karantawa da ƙarfi: biki, kwafin biki, kwafin kwafin biki. Yana ja ƙasa abin bai ƙarewa. Kafin a ankara ya danna guda, guɗar mata ta cika shagon, ga ta nan cikin mayafi. Makiyaya biyu da ke jira suka matso.

Tela ya juyo yana dubana. "Su uban ɗiyar fari. Ashe wanda ya wuni a shago ya fi kowa zuwa bikin nan."

Aka yi dariya. Na ce cuta ce ta shiga injin, ita ke sa abu ya yi ta haihuwa. Surukina bai ɗaga kai ba, ya ce haka ne, Baba, takan yi haka. Ya san ƙarya nake, don gefen kowane kwafi ga ranar da aka yi shi a rubuce. Ya rufe fim ɗin, ya sassauta murya.

"Baba, in bar guda? Guda ba ya cin wuri."

Yaron nan ya rufa mini asiri, ya kuma ba ni hanya. Kai kawai zan gyaɗa. Sai tela ya ce a bar mini biyu, na safe da na marece, makiyayan suka sake fashewa.

"Me zan yi da shi?" na ce. "Goge duka, har uwar."

Ya ɗora hannu bai danna ba, yana jira ko zan sake magana.

"Na ce duka."

Ba ya iya musu da ni, ni uban matarsa ne. Ya goge, ya zubar da kwandon, ina kallon hannunsa. Da zai tashi yana sa takalmi ya ce wa tela, ba ni ba, fim na inji ba kamar kaset yake ba, ko kullum aka kalla ba ya cinyewa. Na yi kamar ban ji ba.

Inji ya koma gudu kamar sabo, makiyayan suka tafi da waƙoƙinsu suna yabo. Da na nemi mai kamara a ɓoye aka ce ya daɗe da saida kayansa ya yi arewa neman aiki. Faifan da aka ba amarya kuwa, uwarta ta ce yara sun fasa shi tuni. Ko surukina ya faɗa mata abin da ya gani, ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Tela ko la'asar bai kai da zancen ba, wani abin dariyar ya samu. Makiyayan ban sake ganinsu ba. Don mutanen nan na zubar da abin da na fi so a injin, kuma da hannun yaron da ya so ya tsirar mini da shi. Kunyar da nake ji yau ba ta an gane ina son ɗiyata ba ce, ta abin da na yi don kar a gane ce. Abin da na koya ke nan: in an kama ka kana son naka, sunkuyar da kai ka bari a yi dariyar. Dariya tana ƙarewa kafin marece, abin da ka goge ba ya dawowa.